Tsatsar Dakta

"Ni da tsatsa ba ma ga maciji! Shekara talatin ina walda, ƙarfe in ya ji tafiyata gyara zama yake yi."

Kawuna ke nan, wanda duk dangi ke kira Na-Sani. Kada ku yi dariya da yawa, jininmu ɗaya, ni ma ban taɓa cewa "ban gane ba" a gaban mutane ba. Abin a gidanmu gado ne.

To, Allah Ya yi an ɗauki Kawu aikin kula da injuna a ɗakin binciken wata jami'a, gwajin wata uku. Ranar Alhamis Farfesa zai sa hannu a tabbatar da shi. Kawu ya riga ya sayar da injin waldarsa, ya shaida wa matarsa cewa shi yanzu ɗan kimiyya ne.

Ranar Laraba da safe, Dakta, wata matashiya mai sanyin magana, ta nuna masa akwatin gilashi da aka zuƙe wa iska. A ciki akwai ɗan ƙarfe kamar farcen babban yatsa.

"Baba, ka ga wannan? Azurfa ce. A samanta akwai tsatsar baƙin ƙarfe, siririya, gashin kai ya fi ta kauri sau dubbai. Muna so mu ga yadda lantarki ke bi ta cikinta, da ko tana da maganaɗisu. Wata shida na yi kafin…"

"Na sani, na sani, 'yata. Je ki ajinki."

Kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Kawu: tsatsa. Tausayi ya kama shi. Wai yarinya da digiri uku, wata shida tana fama da abin da shi zai gama kafin shayi ya huce!

Tana fita ya murɗa marfin akwatin. Fuuu! Iska ta shige. Ya ɗauko abin da yatsu, ya duba, bai ga tsatsa ba, sai ɗan dishi-dishi. Ya ce, "Munafuka, ɓuya kike yi?" Ya zaro samfefa daga aljihu, ya murza, ya tofa yawu, ya ƙarasa da gefen riga. Azurfa ta hau walƙiya.

Sai ga Inna mai shara da tsintsiyarta. Shekararta goma sha biyu a ɗakin nan, ba ta taɓa matsar da ko biro ba.

"Inna, zo ki ga aiki. Na cire wa Dakta tsatsar da ta hana ta sakat."

Inna ta saki tsintsiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Malam, tsatsar ai ita ce aikin! Shuka ta take yi, kaɗan-kaɗan, a cikin wancan injin. Ranar da ta kama, har rawa ta taka a nan wurin."

Nan Kawu ya gane ya tafka ɓarna. Amma bakin nan namu ba ya mutuwa.

"Na sani. Gwada ki nake yi. Wanda ya iya cirewa ai ya iya mayarwa."

Ya jiƙa gishiri a kofin shayinsa, ya tsoma abin, ya kai taga ya shanya. Awa ɗaya, awa biyu. Shekara talatin yana korar tsatsa, yau ga shi tsugune yana lallashinta kamar mai kiran kaza. Azurfa kuwa ba ruwanta, sai ƙara sheƙi take yi.

"Fito mana, 'yar albarka. Abin da ya wuce ya wuce."

Inna ta ce, "Ka faɗa mata gaskiya kawai, Malam."

"Gaskiya tana nan, ba inda za ta. Bari dai na gwada dabara."

Ya fita wurin ajiye ababen hawa, ya durƙusa a gindin tsohon babur ɗinsa, ya kankaro tsatsar salansa cikin takarda. Ya shafa wa azurfa gam, ya barbaɗa, ya danna da babban yatsa. Ya tuna an ambaci maganaɗisu, ya ɓalle na tsohuwar rediyo ya kanga. Garin tsatsa ya ɗan motsa. Kawu ya yi murmushi, ya ce wannan ma ta fi ta Dakta lafiya. Ya mayar, ya rufe akwati.

Ranar Alhamis Farfesa ya shigo da takardar Kawu a hannu, biro a aljihu. Ya ce bari a fara duba aikin Dakta. Dakta ta leƙa akwati. Ta ɗauko abin ta ɗora shi a ƙarƙashin na'ura, hoto ya fito a allon kwamfuta: duwatsu, kwazazzabai, da wasu layuka masu lanƙwasa.

Farfesa ya gyara tabarau. "Waɗannan layukan fa?"

Hawaye ya cika idon Dakta. Ta ce, "Zanen yatsa ne, ranka ya daɗe."

Kowa ya juya. Kawu ya tura hannu aljihu, amma babban yatsan ya maƙale a bakin aljihun, jajawur, gam bai sake shi ba. A nan kam kunya ta kama shi sosai, don ya ga kukan yarinyar da ke ce masa Baba.

Farfesa ya ninke takardar a hankali. "Malam, mu wata shida muka yi muka samu 'yar siririya. Kai a wuni ɗaya ka kawo ta shekara goma. Ka fi ƙarfinmu."

Da la'asar Kawu ya tura babur gida, kofin shayinsa da takalmin aiki a ɗaure a baya. Matarsa tana tsakar gida tana wanke-wanke.

"Yaya, an sa hannu?"

"Farfesa da bakinsa ya ce na fi ƙarfinsu."

Ta dubi kofin, ta dubi takalmin, ta dubi yatsan. Sai ta turo masa tsohuwar tukunya da soson ƙarfe.

"Madalla, ɗan kimiyya. Zauna ka goge wannan. Ita dai babu mai yin digiri a kanta."