Cittar Tarbar Suruka

Wani ne, irin mutanen nan da ba a taɓa gaya musu abu su ce ba su sani ba. Ko inda ake ajiye ashana a kicin ɗin gidansa bai sani ba, amma in ana zancen girki bakinsa ya fi na kowa tsawo.

Ran nan surukarsa za ta zo, ga ta kuma tana fama da tari. Matarsa ta yafa mayafi za ta tafi tasha tarbo ta, ta ce, "Baban yara, don Allah ka leƙa kasuwa ka sayo ɗanyar citta, in na dawo in dafa wa Mama shayi. Ka duba mai tauri, mai santsin baya."

Ya ce, "Ni za ki koya wa citta? Tun kina rarrafe nake shan ta."

Ya isa kasuwa, ya tsaya gaban teburin mai citta yana hura hanci.

Mai citta ya ce, "Yallaɓai, ga ɗanya shar, jiya aka haƙo ta."

"Ɗanya? Kai ma irin matata ne, ba ku san darajar suruka ba. Surukata guda zan ba ɗanyen abu? Miƙo min nunanniya."

Mai citta ya dube shi sama, ya dube shi ƙasa, ya ga yau kasuwa ta yi. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani tsohon buhu da ya daɗe yana neman wanda zai zubar masa. Cittar ciki duk ta yanƙwane, wata ma ta yi fari fat da fumfuna.

Mutumin ya ce, "To wannan farin fa?"

"Furfura ce, yallaɓai. Dattijuwar citta ke nan. Ba kowa nake nuna wa ba."

"Yawwa! Sa'ar surukata ce. Ɗora min buhun gaba ɗaya."

Da ya iso gida ya kira matar a waya. Tana cikin hayaniyar tasha, ta ce, "Ka wanke, ka kankare bawon da cokali, ka niƙa ɗan kaɗan. Sauran ka sa a wuri mai sanyi, a rufe, kada ta bushe."

Ya kashe waya ya ce, "Ɗan kaɗan? Rowar mata dai!"

Ya naɗe hannun riga. Kankara ta gundure shi tun a ta farko, ya jefar da cokalin. Ya jawo injin markaɗe ya dinga ɗura masa citta har da furfurarta, injin na kuka, shi yana atishawa. Hawaye shaɓe-shaɓe. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko gobara ce. Ya ce mata ilimi ne.

Ya tace ruwan da sabon ɗankwalin matarsa. Ya cika tukwane, ya cika gorunan ruwa, ya cika har da kwanon abincin yara. Firij ya ƙi rufuwa, ya fitar da naman da aka saya don baƙuwa ya ajiye a kan taga. Duk da haka ga saura, kuma shi ne mai kaurin, na can ƙasan bokiti.

Sai idonsa ya faɗa kan wata sabuwar buta da matar ta sayo saboda mahaifiyarta. Ga murfi. Ya cika ta taf. Ya tsaya yana tunanin ina ne wuri mai sanyi a gidan nan, inda rana ba ta kaiwa. Ya yi murmushi, ya kai ta banɗaki, ya jingine bayan ƙofa.

Can sai ga su sun iso. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida suruka, ya ce, "Mama, yau tarin nan ya gamu da gamonsa." Ya ruga kicin haɗa shayi da kansa.

Tsohuwa kuwa ta sha zaman mota. Ta raɗa wa 'yarta magana a kunne, 'yar ta nuna mata ƙofa ta ce, "Akwai sabuwar buta na saya miki."

Tsohuwa ta shige banɗaki ta rufo ƙofa. Sai aka ji salati irin wanda ake yi in mota ta ƙwace. Buta ta daki bango.

'Yar ta ruga tana buga ƙofa. "Mama! Lafiya? Kunama ce?"

"Ina ma kunamar ce, 'yar nan!"

Tsohuwa ta fito tana tafiya a tattale, gumi har haɓa, tana fifita da gefen zani. Shi kuma ga shi da kofi a kan faranti.

"Mama, ga kujera."

"Bar ni a tsaye."

Matar ta ɗauko butar ta shinshina, ita ma ta saki atishawa. Ta juyo a hankali. "Me ka zuba a nan?"

"Ke kika ce wuri mai sanyi, a rufe. Kuma ki yi adalci, tun da ta fito kin ji ta yi tari ko sau ɗaya?"

Suruka ta juya masa baya. Ta saɓi jakarta, ta ce wa 'yarta ta nemo mata motar da ake tafiya a tsaye.

Ya bi ta har bakin ƙofa da kofinsa a hannu. "Haba Mama, tun yanzu? Ko shayin ba ki kurɓa ba. To sai yaushe za mu sake ganin ki? Gobe? Jibi? Gata? Ko sai ci..."

Ta juyo ta nuna shi da yatsa. "Ƙarasa. Wallahi ka ƙarasa, da 'yata zan tafi."