Rigar Ruwan Ƙwai a Ƙofar Malam Bukar

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na je ƙofar gidan Malam Bukar mai fata ba, kuma ko na so in manta, tsofaffin Birni ba za su bari ba. Har yau in na gifta majalisarsu sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Tela, ina rigar nan?" Rigar ta daɗe da zama tsumman goge keke, amma labarinta ya ƙi tsufa.

Ina saurayi a lokacin, ana dab da samun mulkin kai, na baro Tirmini da keken ɗinki a kan jaki na shigo Damagaram. Keken na wani tsohon tela ne da na yi wa hidima har ya rasu, iyalinsa suka bar mini. Babana bai so tafiyar ba. Ran da zan tashi ya ce, "Je ka, ban hana ka ba. Amma in ruwa ya sauka allurarka ba ta ciyar da kai ba, ka dawo. Ga hauyarka nan na rataye maka." Ni kuwa duk duniya ba abin da na tsana kamar hauya. Ba lalaci ba ne (to, akwai shi kaɗan), ɗinkin ne nake so har cikin raina.

Na sauka wurin Kawu Ilu, ƙanin innata, wanda yake planto, wato masinja, a biron kumandan, ofishin Baturen da ke mulkin garin. Ya ba ni ƴar rumfa a ƙofar gidansa a Zango, na kafa keke, na zauna jiran mutane. Mutane kuwa suka yi ta wucewa abinsu. Gari cike da teloli, kowane mai riga yana da nasa tun zamanin ubansa. Abin da ke zuwa hannuna sai facin wando, shi ma na maƙwabta masu biya da "Allah ya yi albarka".

Wata rana Kawu ya dawo daga aiki ya same ni ina gyangyaɗi a kan keke. Ya ce, "Kai, nan ba Tirmini ba ne da kowa ya san uban kowa. Wa ya san ka? Mu a biro, wanda mushe, Baturen nan, ya saba ganin fuskarshi shi ake kira in aiki ya taso. Tashi ka shiga mutane. Duk inda ka ga an shimfiɗa tabarmi, je ka gaisa, a san da kai."

Na karɓi shawarar nan hannu bibbiyu, har na wuce inda Kawu ya nufa. Da farko na ɗinka wa kaina riga ta musamman, don in na shiga taro ɗinkina ya yi magana kafin bakina. Yadin da na zaɓa ruwan ƙwai ne, mai ɗaukar ido, na kuma zuba mata aiki a wuya da koren zare har ba wurin sa yatsa. A idona a lokacin, ko ɗan sarki sai ya yi sha'awarta. Matar Kawu da ta gani sai ta ce, "Ko ba komai ba za ka ɓata a kasuwa ba."

Sai na koyi yadda ake gano taro a birni, don shi ma sana'a ce. Mai goro ya san gidan da za a ɗaura aure, tunda wurinsa aka sayi huhu. Wanzami ya san inda aka haihu. Masu raguna sun san inda za a yi suna. Maroƙa kuwa sun san duka, sai dai ba sa son a bi su, gani suke za ka rage musu rabo. Na zama kullum ina zagayen waɗannan mutane da "ina kwana", kunnena a buɗe.

Ba taron da ban je ba. Ɗaurin aure, suna, walimar saukar karatu, tarbar alhazai. Na ci goro har haƙorana suka yi ja. Lokacin zancen siyasa ya cika gari, na je taron wata parti da safe na yi tafi, da la'asar na je na abokan hamayyarsu na yi tafin da ya fi na safe (ni ban san abin da ya raba su ba, na dai ga dukansu suna sa riguna). Har liyafar da aka yi wa manyan gari a gidan kumandan na gwada, gardi ya hango rigata tun daga nesa ya ɗaga mini kulki. Duk inda na zauna sai in riƙa gyara wuyan riga, in ce da na kusa da ni, "Ni tela ne, a Zango nake." Ya ce, "Madalla, sai mun neme ka." Ba wanda ya taɓa nema.

Ana nan gajimare ya fara haɗuwa a gabas. Wani mutumin garinmu da ya kawo gyaɗa ya tsaya a rumfata ya ce, "Babanka ya ce in gaya maka hauya tana gaishe ka." Na yi dariya a gabansa, amma da ya tafi na daɗe ina kallon keken nan, raina ba daɗi.

A makon ne wani mai raguna ya tsegunta mini cewa Malam Bukar mai fata ya sayi rago mafi girma a turkensa, matarsa haihuwa yau ko gobe. Malam Bukar babban attajiri ne a Birni, fatunsa har Kano ake kai su a kamiyo, babbar motar kaya, kuma duk wani mai kuɗi a garin abokinsa ne. Na ce a raina, wannan sunan shi ne nawa. Da na ji daga bakin wani wanzami an sauka, ban tsaya jin ƙarshen zancen ba, na ruga gida na wanke riga na kai ta bugu. Ranar sunan ma ban tambaya ba, na ƙiyasta da kaina.

Da sassafe na shafa turare na kama hanya, na bi lungunan Birni ina ɗaga riga kada rairayi ya taɓa ta. Ina shan kwana sai ga tabarmi shimfiɗe daga ƙofar zaure har bakin hanya, manyan mutane zaune, malamai a gefe ɗaya. Ga rago ɗaure a gindin katanga, ƙato kamar maraƙi. Daga cikin gida kuma ina jiyo kukan jariri. Me ya rage? Na ce, kash, na makara, har an yi addu'a.

Yanzu in na tuna, alamu sun kai a ce ko makaho ya gane. Ba maroƙi ko ɗaya, sai na ce ai attajiran Birni masu kamun kai ne. Kowa kansa a sunkuye yana jan carbi, na ce ikon Allah, manya ko murna a natse suke yi. Aka miƙo mini gumba maimakon goro, na ce kowane gida da al'adarsa, na cinye har da lashe yatsa. Ragon da ya kamata a ce an yanka yana tsaye yana tuƙa, wannan ma bai sa na yi tunani ba. Cikin fararen riguna da shuɗɗa, ni kaɗai nake walƙiya, baki har kunne.

Da na yunƙura zan tashi in je gaban maigidan, wani dattijo da ke kusa da ni ya kama gefen rigata ya ja a hankali. Na ɗauka ɗinkin ne ya burge shi. Na sunkuya na raɗa masa, "Ni na ɗinka, Baba. A Zango nake." Na zare rigata na wuce.

Malam Bukar yana zaune a bakin zaure, dogon mutum, gemunsa ya fara furfura. Na durƙusa gabansa, na ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji su san da ni, na ce, "Barka da arziki, ranka ya daɗe! Allah ya raya abin da aka samu, Allah ya yi masa albarka! Allah ya ba mai jego lafiya!"

Carbi ya tsaya a hannun kowa. Wani malami ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Wani daga baya ya daka mini tsawa, "Kai wane irin yaro ne? Mai jegon shekaranjiya aka binne ta! Sadakar uku ake yi!"

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Gumi ya keto mini, na so ƙasa ta tsage in shige da ni da rigar. Na ji an kama kafaɗata za a janye ni.

Sai Malam Bukar ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar shi." Ya daɗe yana kallona, idanunsa suka cika da hawaye. Can ya ce, "Amin." Ya juya ga mutane. "Tun da abin nan ya faru, duk wanda ya zo 'ya haƙuri' yake ce mini. Na gode, Allah ya saka. Amma ga yarinya can a ciki tana kuka, ba wanda ya ce Allah ya raya ta. Ni ubanta ma ban ce ba. Wallahi ko fuskarta ban iya dubawa ba." Ya share ido da hannun riga, ya ce da ni, "Ɗana, sake faɗin addu'ar farkon."

Muryata da ɗazu ta cika unguwa, yanzu da ƙyar ta fito. Na ce, "Allah ya raya ta, Baba." Babban malamin ya ɗaga hannuwa sama, kowa ya ɗaga, aka yi wa jaririyar addu'a mai tsawo, aka haɗa da uwarta. Ina shafawa na sulale. Takalmina ɗaya a can na baro shi.

Da na ba Kawu labari ya riƙe kai ya ce, "Na ce ka shiga mutane, ban ce ka shiga da ka ba!" Matarsa ta yi salati, sannan ta shige ɗaki, ina jin tana danne dariya. Ni kam na gama yanke shawara. Na kwance keke na naɗe shi cikin buhu, na ce gara hauya da in sake haɗa ido da mutanen Birni.

Washegari da hantsi ina ɗaure kaya sai na ji sallama. Dattijon nan ne da ya ja mini riga, ashe yayan Malam Bukar ne. Ya ajiye takalmina a gabana. Ya ce, "Ba ka da wuyar samu, samari. Ina cewa mai rigar ruwan ƙwai, kowa ya nuna mini nan." (Kun ga, talla dai ta yi aiki.) Sai ya warware wani ƙunshi, ya fito da sabon zane shuɗi, ko wanki ba a taɓa yi masa ba.

Ya ce, "Marigayiya ta saye shi don ta ɗaura ranar suna. Bukar ya ce a yanka wa yarinyar ƴar riga a ciki, kuma ya ce kai za ka ɗinka."

Na kwance buhu na kafa keke. Ban taɓa ɗinka abu ƙarami kamar wannan ba, ban kuma taɓa jin tsoron almakashi kamar ranar ba. Ina taka keke hawaye na zuba, ina kare zanen da hannu kada su ɗiga a kai. Ban yi mata ado ko na zare ɗaya ba. Ranar suna aka yanka ragon nan ba kiɗa ba roƙo, aka mayar wa yarinyar sunan uwarta, Maimuna. Na je da tsohuwar farar rigar Kawu, na zauna can baya, bakina a rufe.

Daga nan Malam Bukar ya aiko da rigunansa, yayansa ya aiko, abokan cinikinsa suka biyo baya. Ruwa ya sauka ina kan keke. Hauyata ƙanina ya gada, har yau bai yafe mini ba.

Maimuna kuwa a hannuna ta girma, in ana zancen tufafi. Ni na ɗinka mata rigar sallarta ta farko, da ta zuwa lakkal, makarantar boko, da kayan aurenta. Ran da ta haifi ɗanta na fari, Malam Bukar ya riga ya rasu. Ta aiko aka kira ni tun kafin labari ya bazu, ta ce daga bayan labule, "Baba Tela, na hana kowa. Ba wanda zai ce Allah ya raya kafin kai."

Abin da na koya dai shi ne, in na isa taro ba rago nake fara dubawa ba, fuskokin mutane nake dubawa. Shi ya sa ranar ma, da tsufana da furfurata, na ƙi buɗe baki. Na ce sai an ɗaga labulen na ga mai jego da idona. Aka ɗaga, na gan ta zaune tana yi mini dariya, jariri a cinyarta, sanye da ƴar shuɗiyar rigar nan da ta kwana a akwati duk shekarun nan. Sannan na faɗa, da ƙarfi yadda na bayan ma za su ji.