Mai Ramin Bayan Harobanda

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tara jama'a a bayan unguwar Harobanda, can ƙetaren kogi, don su taya ni murnar zama mai gidan haya ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Wayar hannu ce ta ja mini. Na yi watanni ina kallon wasu samari masu kwat suna bayani a bidiyo cewa mai wayo ba ya zaman jiran albashi: bashi yake ci ya sayi fili, ya yi gini, ƴan haya su biya masa bashin. Ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne a biro, wato ofis, albashina ba ya ganin ƙarshen wata. (A lokacin ma ban gama biyan bashin moto, wato babur ɗina, ba, amma samarin sun ce akwai bashi mai kyau da mara kyau, sai na sa na moton a layin mara kyau na kawar da kai.) Na je banki na ɗauko kiredi, wato bashi, a kan albashina, wanda za a yi shekaru ana cira.

Wani dillali mai suna Sumaila ya samo mini fili. Gaskiya ban da abin da zan zarge shi da shi, takardu sun cika, hatimi da sa hannu duk lafiya lau. Ranar da ya kai ni gani, muka haye gada muka yi ta tafiya har gidaje suka fara ƙarewa, muka tsaya gindin wata aduwa. Yana tsaye yana fuskantata, waya manne a kunne yana faɗa da wani, ya ce mini, "Daga itacen nan ka yi hagu, naka ne." Na dubi haguna, na ga fili shimfiɗe kamar tabarma. Na ce masha Allah.

Da na koma gida, matata Rakiya ta ce, "Baban Amina, ka kira masu awon fili su nuna maka iyakarka kafin ka sa tubali."

Na ce, "Kuɗin mai awo buhun siminti nawa zai saya? Ke ba ki san harkar nan ba." (Ni a lokacin na san ta, na yi wata uku ina kallon bidiyo.)

Aka fara aiki. Katanga ta bulo, ɗakuna uku na tubalin ƙasa da za a shafe da siminti. Magini ya ce in sayo ƙasa motoci-motoci. Da na ji farashi, sai na dubi filin da ke ɗaya gefen aduwar, babu katanga, babu alamar mai shi ya taɓa leƙowa. Na ce su haƙa a can, ɗan kaɗan ne, ba wanda zai lura. Ɗan kaɗan ɗin nan, kafin a gama gini, ya zama ramin da in raƙumi ya faɗa sai an nemo igiya. Tarkacen gini ma can muka riƙa zubawa.

Da aka sa ƙofofi aka yi fenti, sai na ga bai kamata alheri irin wannan ya wuce shiru ba. Na gayyaci abokan aiki har da shugaban sashenmu, wanda muke kira Patoro. Rakiya ta kwana biyu tana zirga-zirga a kasuwar Petit Marché, ta dafa shinkafa da kaji. Na sa babbar riga. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan, aka yi addu'a, aka fara ci.

Ba wanda ya ce in yi jawabi, ni na miƙe da kaina. Na yi musu bayanin bashi mai kyau da mara kyau. Na ce ma'aikacin da bai mallaki fili ba yana barci ne da ido buɗe. Sannan, don misali ya fito fili, na kai su bakin ƙofa na nuna musu ramin.

"Ku dubi wannan," na ce. "Wani sakarai ne ya sayi fili ya tafi ya bar shi. Ko sau ɗaya bai zo ya ga abin da ake yi masa ba. Irin waɗannan su ne ba su dace da dukiya ba."

Aka yi dariya. Patoro ya gyaɗa kai ya ce lalle yaron nan ya yi nisa.

Muna nan tsaye sai ga mota ta tsaya. Wata dattijuwa ta fito cikin lafaya, tare da wani mutum ɗauke da kayan awo. Ta yi sallama, ta dubi katanga, ta dubi fenti, ta ce, "Sannunku da hidima. Wane ne mai ginin?"

Na gyara babbar riga na matso. A raina na ce ga mai neman haya tun ba a share tsakar gida ba.

"Ni ne, Hajiya. Ɗaki ɗaya kike so ko duka?"

Ta dube ni sama da ƙasa. Sannan ta ce, a hankali, "Ɗana, Allah ya saka da alheri. Amma ban tuna na ba wani aikin gini a filina ba."

Sunanta Hajiya Mariyama, mai sayar da atamfa a Zongo. Ta yi dogon zama a Kwatano wajen ƴarta, yanzu ta dawo za ta kewaye filinta. Na yi murmushi irin na mai ilimi na ce ta yi ɓatan hanya ne. Mai awon ya tone rairayi a kusurwar katangata, sai ga dutsen iyaka da lamba a jiki. Lambar ba tawa ba ce. Na kira Sumaila, kuma don kowa ya ji gaskiyata na buɗe muryar wayar.

"Sumaila, ba hagun aduwa ka ce mini ba?"

"Hagu mana."

"Hagun wa?"

"Haguna, Malam. Ai ni nake magana."

Sai Patoro ya share maƙogwaro ya ce, "To, shi wannan ramin na wane ne ke nan?"

Mai awo ya taka ya duba dutsen can gefen, ya dawo, ya nuna ni da alƙalamin da ke hannunsa.

Wani abokin aikina ya ƙware da shinkafa, sai da aka bubbuga masa baya. Sauran kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Rakiya ta shiga rufe tukwane ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙarar murafen nan ta fi mini kowane zagi ciwo.

Daga baya aka zauna da manya. Na roƙi Hajiya mu yi musanya, ta ɗauki nawa in riƙe nata. Ta ce, "Ɗana, na ga naka ai." Amma ta yi mini adalci, ta biya ni kuɗin kayan gini kaɗan-kaɗan, ladan magina kuwa ya bi iska. Abin da ta ba ni kusan duka a cikon rami ya ƙare, na sayi ƙasar nan motoci-motoci, a farashin da ya fi na da. Ɗakunan suna nan da ƴan haya a ciki, Hajiya suke biya. Banki kuwa bai taɓa makara ba, kowane ƙarshen wata yana cire nasa. A biro har sababbin ma'aikata Mai Rami suke kirana, wasunsu sun ɗauka sunan garinmu ne.

Filina yana nan, na kewaye shi, kuma in Allah ya yarda zan gina shi in na gama biyan bashi. Abin da na koya dai shi ne, a biya mai awo haƙƙinsa tun kafin a sayi siminti. Kuma in za ka zagi mai wani fili a gaban jama'a, ka fara bincikawa ko kai ne.