Jinin da Ban Bayar Ba

Ba zan taɓa mantawa ba (ko na so ma, mutanen unguwarmu Damilu ba za su bari ba) da ranar da na tafi asibiti da niyyar ceton rayukan bayin Allah, aka ƙare ana yi mini fifita da kwali.

A shekarun tashin hankalin nan ne, lokacin da 'yan gudun hijira suka cika Yola da Jimeta, an hana acaɓa, kuma in ka ga mutum ya ajiye jaka a kusa da kai sai ka tuna kana da wani aiki a gaba. Ni kuwa ina koyar da wasannin motsa jiki a wata sakandare a Jimeta. Allah ya ba ni jiki, ƙirji kamar ƙofar shago, ga tsawo. Amma bakina ya fi jikin girma. A ofishin malamai, duk lokacin da aka kawo labarin abin da ke faruwa a arewacin jiha, ni ne ke buga tebur ina cewa, "Wallahi da ni ne a wurin, da labari ya sha bamban!" Abin da babu wanda ya sani shi ne, ko kaza ban taɓa yankawa ba. Ranar babbar Sallah kuwa, da an kayar da rago sai in tuna ba a sayo gawayi ba.

Ran nan da hantsi muka ji wata ƙara daga wajen kasuwa, har tagogin aji suka girgiza. Ba zan tsaya bayanin abin da ya faru ba, wanda ya zauna a garin nan a lokacin ya sani, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Aka sallami yara. Muna zaune jugum-jugum sai rediyo ya sanar cewa asibiti na neman masu ba da jini da gaggawa.

Madam Rahila, malamar lissafi, 'yar Numan, ita ta fara miƙewa. Wata 'yar ƙaramar mace ce wadda in iska ta yi ƙarfi sai ka ji kamar ka riƙe ta. Ta rataya jakarta ta ce, "Ni dai zan je. Jini ne kawai, zai dawo." Sai duk ofishin ya juyo yana kallona. Me zan ce? Na miƙe na gyara wuyan farar rigata ta wasanni na ce, "Mu je, Madam. Ni leda biyu ma su ɗiba in suna so."

Muka tari keke napep muka isa. Asibiti ya cika maƙil, masu kuka na yi, masu neman 'yan'uwansu na yi. A gefe guda ga layin masu ba da jini, 'yan kasuwa da ɗalibai da direbobi. Ko a layin ban yi shiru ba. Wani saurayi a gabana yana ta share zufa, na dafa kafaɗarsa na ce, "Haba, namiji! Ai kamar cizon sauro ne." (Ban taɓa ba da jini ba a rayuwata. Cizon sauron kaɗai na sani.)

Aka kira Madam Rahila ta hau gado. Aka soka mata wata allura da na rantse ta kai tsinken tsire, ita kuwa ko a jikinta, tana waya da mijinta tana gaya masa inda ta ajiye makullin kicin. Kuskuren da na yi shi ne na kalli ledar. Na ga tana cika a hankali, tana kumbura, jawur har da baƙi-baƙi.

"Mai farar riga, zo nan," in ji wata nas mai ƙiba da ke zaune a bayan tebur. "Kawo yatsa mu ga ko jininka ya isa."

Yatsa fa kawai. Ta ɗan tsikare ni, ta matsa, wani ɗigon jini da bai kai ƙwayar gero ba ya fito. Na dube shi, shi ma kamar yana dubana. Kunnuwana suka fara fito, fuskar nas ɗin ta koma biyu. Na buɗe baki zan ce "ba komai", iyakar abin da na sani ke nan.

Daga baya aka ba ni labari cewa da na tafi luu, girata ta daki bakin tebur ta fashe, jini ya wanke farar rigar nan. Sai da ƙarti huɗu suka ɗaga ni, cikinsu har da saurayin da na ce wa namiji.

Na farfaɗo a kan gado a baranda, an naɗe mini kai da bandeji, wata baiwar Allah tana yi mini fifita da kwali. Dama da hagu duk waɗanda abin ya shafa ne na gaske. Ashe lokacin da ake ɗauke da ni, wani maƙwabcinmu da ya zo neman ƙanensa ya hango ni jina-jina, ya zaro waya. Ka san labari a garin nan ya fi keke gudu.

Goggona, wadda ta riƙe ni tun ina yaro, ita ta fara isowa, ɗankwali a hannu, tana kuka tana kiran "Ɓingel am! Ɗana!" Bayanta matan unguwa da samari. Ban gama tunanin abin da zan ce musu ba sai na hango Bappa Hammadu. Shi ne ƙanen mahaifin yarinyar da nake nema a Yola Gari, kuma shi aka ɗora wa binciken halina. Ga shi nan da babbar riga da carbi, 'ya'yansa biyu na biye da shi.

A nan ne ya kamata in tashi zaune in faɗi gaskiya. Na sani. Amma na dubi hawayen Goggo, na dubi babbar rigar Bappa, sai na lumshe ido. (Allah ya yafe mini, har da ɗan nishi na ƙara.)

Bappa ya sunkuyo ya ce, "Sannu, ɗana. A ina abin ya same ka?"

Na ce da wata siririyar murya, "Ƙaddara ce, Bappa."

Ai ba ƙarya na yi ba, ko? Ya ɗaga hannu aka shiga addu'a, mata na amsawa da amin. Ana cikin shafawa sai ga nas ɗin nan mai ƙiba ta ratso mutane, tana tallafe da wani dattijo mai sayar da tumatir, ƙafarsa ɗaure da tsumma duk jini. Muryarta kuwa ba ta bukatar lasifika.

"Mai suman yatsa! Ka farka? To sauka ka ba mu gado, ga mai ciwon gaske nan!"

Goggo ta ce, "Suman me?"

Kafin in haɗa wata magana sai ga Madam Rahila da auduga a gwiwar hannu da kwalbar lemo. Ita ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ta miƙo mini kwalbar ta ce, "Malam, sha wannan. Ni suka ba don na ba da jini, amma kai ka fi bukata." Ta juya ta gaida Bappa da ladabi ta ce, "Baba, kar ku damu, ba bam ba ne. Yatsa ne aka taɓa shi kaɗan, sai ya faɗi kamar buhu."

Na sauko daga gadon, ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Aka kwantar da dattijon nan. Yana cije leɓe don zafi, amma ya kamo hannuna ya ce, "Sannu, ɗan'uwa. Allah ya ba ka lafiya." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Goggo ta ɗaura ɗankwalinta a hankali, ta dube ni sama da ƙasa, ta faɗi wata magana da Fulatanci wadda ba zan fassara ba. Bappa kuwa sai ya juya ga 'ya'yansa ya ce, "Tunda mun zo, ku shiga layi ku biya bashin surukinku." Samarin unguwarmu da suka zo kallon gawata su ma kunya ta sa suka bi baya. Nas ɗin ta ce rabon da ta ga suma mai albarka irin wannan an daɗe.

Na ɗauka maganar aure ta mutu. Sai daga baya na ji abin da Bappa ya faɗa a taron dangi: "Ku ba shi. Mutumin da ɗigon jini ke kayarwa ba zai taɓa ɗaga wa 'yarmu hannu ba."

Bayan an sha biki na koma asibitin nan da kaina. Na juya fuskata bango, amarya ta riƙe mini hannu, na karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa, aka ɗibi leda guda lafiya lau. Har yau ina zuwa lokaci-lokaci, don bukatar jini ba ta ƙare da ƙarewar tashin bam ba, ga masu haihuwa, ga masu sikila, ga haɗarin mota. Kai ma ka je, ba ya kisa. Sai dai ka ci abinci kafin ka fita, kada ka kalli ledar, kuma in za ka cika baki, ka bari sai an cire allurar tukuna.