Makullin da Kowa Ya Bar Mini

Ko tsufa ya zo ya kwashe mini tunani, akwai wata safiya a Riyad da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Har yau in ta faɗo mini a rai ina cikin mutane, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ina direba a wani kamfanin raba ruwan roba a Birnin Masana'antu na Biyu. A wurin ba wanda yake da motar kansa. Makullai na rataye a ƙusoshi jikin bangon ofis, wanda ya riga ya cira ya fita aiki, wanda ya makara ya koma benci ƙarƙashin rumfa. Da can zaman bencin hutu ne, har rige-rigen makara muke yi. Sai kamfani ya fara sayar da motoci ɗaya bayan ɗaya, direbobi kuwa muna nan yadda muke. Ga shi tagar mudir, wato manajanmu Abu Fahad, bencin take kallo ƙuri.

Mai kula da sito wani ɗan zangon Kumasi ne, Kwame, Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka yanke masa cibiya. Wata rana ya tsaya yana kallon yadda muke turereniya a gindin makullai, ya ce, "Kun san me Turawa ke ce wa wannan? Musical chairs."

Na ce, "Me ke nan kuma?"

"Wasan yara ne. Ana kiɗa suna zagaya kujeru, kujerun ba su kai yawansu ba. Kiɗa na tsayawa kowa ya faɗa kan ɗaya, wanda ya rasa ya fita. Manya ma haka suke cewa in ana ta juya mutane a wurin aiki ana rage su."

Na ce, "To mu wa ke yi mana kiɗan?"

Ya tura leɓe wajen tagar mudir.

Kowa ya yi dariya ya wuce, ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji. Igamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta kusa ƙarewa, kuma kamfani ne ke sabunta ta. An riga an ba wasu direbobi huruj, fitar da ba dawowa, kuma ni a lissafina duk 'yan benci ne (ban bincika ba, tsoro ne ya yi mini lissafin). Ga iyali a Gusau, ga tsohuwa, kowa ni yake kallo. Daga nan na daina shan shayin safe. Sallar asuba kuwa, Allah ya yafe mini, liman na sallama ta biyu ni ina neman takalmi.

Ana haka aka aike ni garin Kharj da kaya, na kwana can, ban san abin da aka yi a bayana ba. Da na dawo da safe na ajiye motar a wurin duba inji kamar yadda aka saba, na nufi ofis da sauri, don rana ta riga ta fito. Tun daga nesa na hango benci cike da mutane. Na ce shi ke nan, yau ni ma na shiga hoto. Ina ɗaga ido sai ga makulli guda yana lilo a ƙusa, ba wanda ya taɓa shi.

Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa, ya aka yi ƙarti zaune a benci ga makulli a rataye? Ni abin da na ce a raina shi ne Allah ya rufe musu ido, rabona ne ya rantse. Na fizge shi na cusa a aljihu. Malam Iliya, wani dattijon direba ɗan Maraɗi da muke ɗaki ɗaya, ya miƙe yana cewa, "Kai ƙanena, tsaya ka ji." Na ce a raina, Malam yau kam sai dai ka yi haƙuri, girma daban, igama daban. Na ƙara sauri.

Motar makullin tana can ƙarshen fili jikin katanga, tsohuwa ce tukuf. Na shiga na murɗa, ta yi tari ta yi shiru. Ban damu ba, ni dai kada a gan ni a benci. Na kulle ƙofofi, na ɗage gilasai, na riƙe sitiyari kamar mai jiran lodi. Zafin Riyad kuwa wanda ya sani ya sani. Kafin wani lokaci na jiƙe sharkaf tun daga wuya har wando. Waya ta dinga ƙara, Malam Iliya ne. Na kife ta a kujera, ina cewa dattijo da naci.

Can sai ga wani Bapakistane ya zo yana ƙwanƙwasa gilas. "Sadik, inzil." Wai aboki, sauko. Na ce wannan sabon direba ne aka kawo ya gaje ni. Na girgiza kai. Ya nuna mini takarda, na kau da fuska. Ya yi magana da Larabci, ya koma yarensu, ni dai ina kallon gaba kamar an dasa ni. Da ya gaji ya ɗaga kafaɗa ya tafi, har na fara hamdala.

Sai na ji ƙarar sarƙa a ƙarƙashina. Motar ta motsa. Na taka birki, ƙafata ta shige har ƙasa, ba komai a wurin. Ashe mutumin da babbar motar ɗaukar motoci ya zo, an sayar da gwangwanin tun jiya ga masu yanka ƙarfe. A hankali aka dinga ja na sama, ina riƙe da sitiyari, ina latsa hon ɗin da ba ya kuka.

Daga can sama na ga kamfanin gaba ɗaya ya fito. Leburori, masu gadi, Kwame ya riƙe ciki ya durƙusa, wani yana ɗauka a waya. Abu Fahad ya taho a hankali ya tsaya yana kallona ta saman tabarau. Na buɗe ƙofa na sauko da baya kamar mai saukowa daga rimi, takalmi ɗaya ya riga ni isa ƙasa. Wandona kuma a jiƙe (gumi ne wallahi, amma je ka yi wa mutane bayani).

Malam Iliya ya miƙo mini takalmin, ya ce a hankali, "Ƙanena, kai wane irin mutum ne? Sababbin motoci aka kawo. Jiya aka ce duk mu jira a benci. Kana tafiya mudir ya fito ya raba makullai, har sunanka ya kira, ba ka nan, ya ba wani. Kiran da nake maka ke nan."

Da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

Aka ce in shiga ofis. Na shiga ina tunanin da wane baki zan gaya wa tsohuwa an koro ni. Abu Fahad ya fara magana, dariya ta ƙwace masa, ya sha ruwa ya sake farawa. Ya ce motoci sun ƙare, ba shi da wadda zai ba ni. Sai ya ce amma mai gadin ƙofar baya zai tafi gida, kuma shi tunda yake bai taɓa ganin mutumin da ya iya zama ya ƙi tashi kamata ba.

Aka sabunta igama, alhamdulillahi. Amma har na bar ƙasar ban sake riƙe sitiyari ba. Kullum da safe ni nake buɗe wa abokaina ƙofa su wuce a sababbin motoci masu sanyi, kowa ya danna mini hon ya leƙo ya ce, "Sadik, inzil."

Shi ya sa yanzu ko tsokar nama na ga an bar mini a faranti ana mutane da yawa, sai na tambayi dalili kafin in kai baki.