Yadda Za Ka Juya Jawabin Surukinka Zuwa MP3 Ko Ba Ka San Komai Ba

Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan bi da bi, na ba ka tabbacin murya za ta fito ta lasifika tangaram. Hanyata ba ta taɓa ƙin aiki ba.

Ga halin da kake ciki. Surukinka, shugaban ƙungiyar teloli mai barin gado, ya ɗauki jawabin bankwana na minti arba'in a 'yar wayarsa mai madannai, don in ya tsaya gaban jama'a kuka ke zuwa masa. Wayar ta ajiye shi a AMR, matsattsen fayil na ƙananan wayoyi, lasifikar ƙungiya kuwa MP3 kaɗai take ci. Shekara shida bai taɓa sa ka aiki ba sai yau. Mutuncinka ne a tafin hannunka.

Mataki na 1: Ɗaure fuska

Karɓi wayar da hannu biyu, ka ƙanƙance ido, ka girgiza kai.

"Baba, wa ya matse maka muryar nan haka?"

"Ni ma haka na gan ta, ɗan nan. Za ta gyaru kuwa?"

"Ai an zo wurin. Gobe ka aiko a karɓa."

Mataki na 2: Canja mata suna

Tura fayil ɗin zuwa wayarka, ka goge AMR a ƙarshen sunan, ka rubuta MP3. Ba zai yi ba, kamar dai ka rubuta "sukari" a jikin gwangwanin gishiri ne. Amma ka gwada sau uku, don ba a san inda sa'a take ba.

Mataki na 3: Sauke manhaja

Ɗauki ta farko da ka gani. Za ta nuna maka tallar maganin rage tumbi sau tara, ta kai kashi casa'in da tara, ta ƙame. Ja tsaki, ka ce sabis ne. Sabis ba ya musu.

Mataki na 4: Baki da baki

Nan ilimin yake. Shiga ɗaki, rufe ƙofa, kashe fanka. Kwantar da wayar Baba a kan filo, ka kwantar da taka kusa da ita, baki na kallon baki. Danna ɗaukar murya a taka, tunda ita MP3 take ajiyewa, ka kunna tasa. Masu kwamfuta ba sa son a san wannan sirrin.

Mataki na 5: Haƙuri

Minti arba'in ba wasa ba ne. Wajen minti na ashirin matarka za ta leƙo.

"Wai har yanzu Baba bai gama ba?"

"Ina fa! Tun ɗazu yana kan tarihin keken ɗinkinsa na farko."

"Wane kekensa? Na Inna ne fa. Ita ta koya masa, shekara biyu maɓalli kawai yake sawa, shi ma a karkace."

Yi dariya har da buga katifa. Ai ku biyu ne a ɗakin.

Mataki na 6: Kada ka saurara

Zuba a memori ka miƙa. Sake duba aiki alamar rashin ƙwarewa ce.

Mataki na 7: Zauna kusa da ƙofa

Ranar taro Baba zai ja ka layin gaba, yana nuna ka ga manyan teloli yana cewa, "Surukina ne, shi ya yi aikin." Ƙi. Ka ce zafi kake ji. In an kai minti na sha tara, takalminka ya kasance a hannu.

Gargaɗi

Ba ruwana da abin da zai biyo baya. Matarka 'yarsa ce, kafin la'asar an yafe mata. Dariyarka ce teloli sittin suka ji ta lasifika, kuma rabinsu a shagonsa suka koyi sana'a. Kada a neme ni, kada a kira ni shaida. In ka ga wandona ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ka wuce kawai. Shekara uku ke nan da kaina nake ɗinki.