Ranar da Na Amsa Tambayar Randa

Tun da mai gidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni nake dafa wa malaman firamarensa abinci a nan Tudun Wada. Shekara talatin ya yi yana koyarwa a wurin. Har yau in na wuce ƙofar ajinsa sai na share hawaye.

Ran nan aka kawo wata Hajiya ta yi musu bita kan yadda ake yi wa yara tambaya. Na shigo da kular shinkafa daidai tana cewa, "Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi?"

Aji ya yi tsit. Duk malaman, har da hedimasta Malam Sani, sun zuba mata ido. Kunya ta kama ni. A makarantar marigayi, a gaban baƙuwa? Ni da ban taɓa riƙe alli ba, na dire kula, na gyara mayafi.

"Randa gumi take yi, iska ta busa ta!" na ce. "Haba, Malam Sani! Da mai gidana na raye, da ba a yi wannan abin kunya ba."

Hajiya ta yi murmushi. "Inna, kin canka. Amma ni na ce su yi shiru su ƙirga goma, don su koyi ba yaro lokacin tunani."

Malam Sani ya yi dariya har da riƙe ciki.

Yanzu in na ce, "Wa za a ƙara wa miya?" sai su yi gum, suna ƙirga goma da yatsu, ni kuwa ina tsaye da ludayi.